Katin da Aka Rataya wa Baba

Litinin, 4 ga wata

Malama,

An sauke Baba daga jirgin ƙasa jiya da yamma, saura tasha uku ya iso wurina. Yana asibitin garin da aka sauke shi, bai farka ba tukuna.

Na fara da wannan ne don na san halinki, da na sa gaisuwa a gaba tsallake ta za ki yi. Yanzu ina gaishe ki. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya maigidanki da yara? Ni lafiyata ƙalau.

Ga abin da na sani. Jirgin sama ya sauka da shi lafiya da safe, ma'aikacin da na roƙa ya raka shi tashar jirgin ƙasa har ya zaunar da shi a kujerarsa. Tafiyar awa tara ce. Ina tsaye a tasharmu tun ƙarfe huɗu, riƙe da rigar sanyin da na saya masa. Jirgi ya iso a makare, mutane suka sauka, ƙofofi suka rufe, babu Baba. Sai ga mai duba tikiti yana bin jama'a yana tambayar wa ke jiran wani dattijo.

Likita ta ce sukarin jininsa ne ya yi ƙasa ƙwarai, kuma ya daɗe a haka kafin motar asibiti ta kai gare shi. Ta tambaye ni yaushe ya ci abinci na ƙarshe, na ce ban sani ba. A ganinta, tun abin da aka ba shi a jirgin sama bai ƙara sa komai a bakinsa ba. An miƙo mini jakarsa. Akwai tufafi, da takardun aikin idon da ya zo yi, da magunguna, da ɗan gilashinsa na gyaran agogo wanda ban san abin da ya sa ya taho da shi ba. Babu abin ci a ciki ko loma ɗaya.

Da kansa yake numfashi. Ɗakin na mutum huɗu ne, gadonsa na bakin taga, an sa masa ƙarin ruwa a hannun hagu.

Na yi miki alkawarin zan je filin jirgin sama in ɗauko shi da kaina. Zuwa can sai na tashi tun Asabar, shugaban kicin ɗinmu kuma ya hana ni Asabar ɗin. Ban faɗa don in wanke kaina ba. Mutumin da ya riƙe ni shekara uku a gidansa ina makaranta, alhali zumuncin da ya haɗa mu bai wuce na kakanni ba, ya fi ƙarfin a ce masa ya hau jirgi shi kaɗai.

Na buga waya ofishin makarantarku sau biyu, an ce kuna hutu. Zan ba wani mai tafiya gida wannan takarda jibi. Ke za ki san yadda za ki gaya wa Inna.

Yayanki,
Dogo


Lahadi, 3 ga wata

Yaya Dogo,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai ƙafar Inna da ke tashi in an yi sanyi. Da fatan kana lafiya, kana nan kana cusa wa matafiya burodi a leda kamar yadda ka saba shekara goma sha ɗaya.

A lissafina, yanzu haka Baba yana cikin jirgin ƙasa. Mun raka shi jiya da yamma. Gidan ya yi shiru, shagon nasa a rufe, amma har mutum biyu sun zo neman agogonsu tun da safe.

Ka sha kuruminka, wasiƙarka ta abincin jirgi ta yi aiki. Kwana uku muna bitarta da shi kamar mai shirin jarrabawa. Da yake idon dama ne kaɗai ke gani, kuma ba zai iya karanta rubutunsu ba, sai na ce haddacewa ta fi. In ce, “Baba, burodi mai nama a tsakiya?” Ya ce, “Alade ne ko maƙwabcinsa.” In ce, “Mai cuku fa?” Ya ce, “Dogo ya ce da wuƙa ɗaya ake yanka su.” In ce, “Kwalba mai hoton tuffa?” Ya ce, “Wata lemo, wata giya, makaho ba ya caca.” Biskit da alewa kuwa dama likitansa ya hana. Daga ƙarshe ya ce, “To me ya rage mini, Malama, in lashi tagar?” Na ce masa ai ka rubuta cewa akwai taragon abinci a gaban jirgin, a nan ake dafa shinkafa da kifi, ita ce ka yarda da ita. A keken da ake turawa tsakanin kujeru kuwa, ruwa da shayi ba sukari kawai. Ya ce, “Sha biyu daidai ina kan teburinsu.” Ka san Baba da lokaci.

Katin da ka aiko da harshensu na kai an lulluɓe shi da roba, na huda, na zura masa igiya, na rataya masa a wuya. Ya ce na mayar da shi akuyar kasuwa. Na ce ko me aka miƙo masa ya nuna katin tukuna, in yana shakka kuma ya bari.

Inna ta so ta ɓata mana shiri. Ta faki idona ta cusa masa ƙullin abinci har uku a ƙasan jaka. Na tuna ka ce 'yan kwastan na can suna kwashewa su kuma tsare mutum da tambayoyi, sai na fitar da su duka a mota. Har yanzu ba ta sani ba, kada ka tona ni.

Ka rubuto ka gaya mini ko shinkafar ta yi masa, da ranar da aka sa na aikin. Ya ce in idon ya buɗe, ƙananan agogunan mata da ya daina karɓa zai fara komawa.

Ƙanwarka,
Malama


Alhamis, 14 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ka. Takardarka ta iso jiya. Na san tawa ta ranar Lahadi ta riga ta same ka, da ina da iko da na janye ta.

Lafiyarmu lau a jiki. Inna na ce mata tafiya ta gajiyar da Baba, an kwantar da shi ya huta kafin aikin. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tashi ta shiga ɗaki.

Na karanta wasiƙar sau biyar. Ka rubuta cewa babu abin ci a jakarsa ko loma ɗaya. Na gane. Ba sai ka zagaya ba, Yaya, ka fito fili ka ce mun turo tsoho mai ciwon sukari ƙasar mutane hannu rabbana. Ni na fitar da abincin, da hannuna, a kan cinyata. Amma wa ya ce a fitar? Takardarka tana nan a gabana, da jan biro ka ja layi a ƙarƙashin wurin.

Kai kake aiki a kicin ɗin da ke shirya wa jiragen nan abinci. Kai ka ce akwai tarago, akwai shinkafa, akwai tebur da kujera. Baba ba ya saɓa umarni, in likita ya ce ya sha magani da ƙarfe takwas, ba ya sha takwas saura minti ɗaya. In ya ce sha biyu yana kan tebur, to yana can. Me ya hana shi ci? An hana shi shiga ne? Ya ɓata hanya? Kuma jirgi cike da mutane, babu wanda ya ga dattijo yana ficewa daga hayyacinsa? Ina amfanin katin?

Ka ba ni labarin gado da taga da hannun hagu, ka bar abin da nake son ji. Kwana goma ke nan da ka rubuta. Ban san ko yau ina da uba ba. Makaranta za ta buɗe ranar Litinin, ka buga waya ko kalma biyu ce, amma sauran ka rubuto shi a takarda, don ina son in riƙe shi a hannu in karanta.

Malama


Asabar, 23 ga wata

Malama,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Kamar yadda na faɗa miki a waya, Baba yana nan da ransa, bai farka ba. An mayar da shi ɗaki na mutum biyu. Ina zuwa duk bayan kwana biyu in na tashi aiki.

Maganar jaka ba zargi ba ne. Abin da na gani na rubuta. Ni na ce a fitar da abincin, ban manta ba.

Kin tambayi abin da ya hana shi ci. Na bi sawu, ga shi.

Jirgin nan yana rabuwa biyu a wata babbar tasha da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Rabi ya yi gabas, rabi ya taho wajenmu. Daga Litinin zuwa Asabar taragon abinci namu rabin yake bi. Ranar Lahadi ɗaya rabin yake bi. An sauya haka tun farkon shekara, takardar tana manne a bangon kicin ɗinmu kusa da wurin wanke hannu. Ba na aikin Lahadi, ban taɓa tsayawa na karanta ta ba.

Na nemo matar da ta tura keken abinci ran nan. Mun san juna sama-sama, ni nake loda mata kaya wasu ranakun. Na same ta a ɗakin hutun ma'aikata tana cire takalmi. Da na ce mata dattijon da aka sauke ran nan nawa ne, sai ta ajiye takalmin ta ce, “Mai katin?”

Ta ce sha biyu da 'yan mintoci ta gan shi ya wuce ta yana dafa kujeru, ya nufi gaba. Ya je har ƙofar ƙarshe ya tarar da ita a kulle. Ya tsaya can ya daɗe, sannan ya dawo ya zauna. Ta bi shi da keke. Ta nuna masa burodi mai cuku, ya girgiza kai. Ta nuna mai ƙwai, ya ɗauka ya kai kusa da idonsa, ya juya shi, ya mayar. Ayaba ta ƙare tun safe. Ya karɓi ruwan zafi da ganyen shayi, ya yi mata godiya da hannu a ƙirji. Ta ce, “Sau uku na wuce shi, kowane wucewa sai ya yi mini murmushi kamar shi ne mai ba ni haƙuri.”

Mai ƙwan nan ba komai a cikinsa, Malama. Ƙwai ne da man shanu, a tebur dabam ake haɗa shi, sau da yawa ni nake haɗawa. Ban sa shi a takardar ba don na ga kada in cika masa kai, tunda ga shinkafa.

Wajen ƙarfe biyu matar da ke kujerar kusa da shi ta kira ta. Baba yana gumi, hannunsa na rawa, yana magana ba a gane ba. Mai keken ta ce uwarta ma haka take yi, don haka nan take ta fasa lemon kwali ta kai masa baki. Sai wani fasinja ya ɗago katin ya karanta da ƙarfi, ya ce, “Ke, za ki kashe shi? Ga shi an rubuta.” Ta ce, “Na janye hannuna. Iyalinsa ne suka rubuta, ni wace ce?” Suka ba shi ruwa, suka kwantar masa da kujera don ya yi barci. Sai bayan ƙarfe uku da aka kasa tashinsa aka kira mai duba tikiti.

Ba ki iya karanta katin ba, ga abin da na rubuta a kai: “Wannan dattijo ba ya jin harshenku. Ba ya cin alade, ba ya shan giya. Yana da ciwon sukari, don Allah kada a ba shi wani abu mai zaƙi.” Likita ta ce da ya sha rabin lemon nan da da ƙafarsa zai sauka a tasharmu.

Saura abu ɗaya da na ɓoye a takardar farko. A cikin magungunansa akwai allura, an kuma sami wadda aka yi amfani da ita a aljihunsa, a nannaɗe cikin hankici. Likita ta ce irin wadda ake yi ne dab da cin abinci, in an yi ba a ci ba ita ke jawo wannan. Ya yi allurar ƙarfe sha biyu daidai, ya tashi ya nufi taragon. Ban san Baba yana allura ba. Kin rubuto mini cewa likita ya hana shi sukari, iyakar abin da na sani ke nan. Ba zargi ba ne wannan ma. Tambaya ce.

Dogo


Laraba, 4 ga sabon wata

Yaya Dogo,

Ina gaishe ka, ya jikin Baba? Mu muna nan. Ƙafar Inna ta kumbura, ta ƙi zuwa asibiti.

Wata bakwai ke nan da aka sa shi a allura. Ran da muka dawo daga wurin likita ya tsayar da ni a ƙofar shago ya ce, “Wannan tsakanina da ke ne da uwarki. In mutane suka ji, za su ce hannuna ya fara rawa, wa zai ƙara ba ni agogonsa?” Na ce, “Har Yaya Dogo?” Ya ce, “Musamman Dogo. In ya ji zai ce tafiyar ta yi mini nisa, ya fasa.” Na riƙe masa amana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye.

Ba shi ke nan ba. Likitan ya ce kullum ya riƙa yawo da alewa uku a aljihu saboda irin wannan rana. Yana yi. Da muna bita na ga ka rubuta cewa wasu alewoyin da kitsen alade ake haɗa su, sai Baba ya zaro nasa ya ce, “Waɗannan fa, 'yan ina ne?” Na duba, na waje ne. Ya ajiye su a kan teburin aikinsa. Na ce zan sayo masa wasu a hanya, hidimar tafiya ta sa na manta. Shekaranjiya na buɗe shagon don in ba wani agogonsa, na gan su a inda ya bar su, tururuwa ta kewaye.

Na gaya wa Inna komai ranar Juma'a, har da ƙullin abincinta. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, da hakan ya fi mini sauƙi. Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ku masu ilimi kun haɗu ku biyu kun tsare shi daga haram.” Can kuma ta ce, “Shekara arba'in da shida ban taɓa barinsa ya fita ƙofar nan ba tare da abin da zai taɓa ba.” Tun ran nan ba ta ci daga abin da na dafa ba, maƙwabciya ke kawo mata.

Ka yafe mini takardar da ta wuce. Neman wanda zan ɗora wa nake yi, kai ne kuma ka fi kusa da alƙalamina.

Matar keken nan, in ka gan ta ka ce ba mu riƙe ta da komai ba. Ita kaɗai ce a cikinmu ta yi niyyar abin da ya dace.

Ka gaya mini gaskiya, me likitocin suke cewa in ba ka a ɗakin, ko in suna zaton ba ka ji? Kada ka tace mini. Inna ta ce in tambaye ka ko ana aske masa gemu, don ba ya son ya wuce kwana uku.

Ƙanwarka,
Malama


Lahadi, 15 ga wata

Malama,

Ina gaishe ki. Ki gaida Inna, ki ce mata ni nake gyara masa gemun da kaina, Talata da Juma'a. Ki lallashe ta ta kai ƙafar nan a duba. Ni ina lafiya, sai dai barci da ya yi ƙaranci.

Babu abin yafewa tsakaninmu. Na isar da saƙonki ga mai keken. Ta ce ta gode, ta kuma nemi a sauya mata layi, yanzu gajerun tafiye-tafiye take yi.

Ina nan a kicin. Kullum da safe ina haɗa burodi mai ƙwai ɗari da ashirin, in nannaɗe, in manna takarda, in jera a akwati. Na roƙi shugabanmu a riƙa ƙara ayaba a keken Lahadi tunda babu tarago. Ya ce in rubuta, za a duba.

Kin ce kada in tace miki. Asibitin ido sun soke ranar aikin, sun mayar mini da takardun. Likitar nan ta ce mako shida lokaci ne mai tsawo, kuma hoton da aka ɗauka ya nuna ƙwaƙwalwar ta taɓu, ba ta san iyakar taɓuwar ba. Ta ce ko ya farka kada mu sa ran zai koma kan teburin aikinsa. Ta bututun hanci ake ba shi abinci. Ya rame, amma fatarsa ba ta yi rauni ba, suna juya shi a kan lokaci. In na zauna ina yi masa hira da harshenmu, na gaya masa labarin katin da na tarago duka, ban rage ba. Ban ga alamar ya ji ba.

Ga abin da ya sa na rubuto yau ban jira in sake ganinsa Talata ba. Jiya da na je, nas ɗin da ta yi aikin safe ta tare ni a baranda. Ta ce tana goge masa baki da auduga mai ruwa sai ya buɗe idon dama, ya kama audugar da leɓɓansa, ya haɗiya. Ta ce sau biyu ya yi. Ita kaɗai ce a ɗakin. Nas ɗin rana ta gwada ba ta ga komai ba, ni ma na zauna awa uku da auduga a hannu, bai motsa ba.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Likita ta ce sau da yawa jiki yakan yi haka da kansa ba tare da mai shi ya sani ba, ba za ta rubuta shi a matsayin farkawa ba sai ta gani da idonta. Ta sa a gwada shi da cokalin ruwa ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe.

Yayanki,
Dogo